Ranar da Na Kai wa Maman Zira Muciya

Har gobe ban manta da ranar da tuwo ya gagare ni ba. Ku ma'aikatan gidan abincin nan da kuke ƙorafi in mutum ɗaya bai zo aiki ba, ku matso ku ji.

Lokacin da 'yan bindiga suka koro mutanen Mubi da Michika suka gudo Yola ne. Ina nan gidan abincin Adda Fanta a Jimeta, ni ce mai miya. A tsarinmu akwai mai tuƙi, mai miya, masu wanke-wanke da masu kai kwano tebur. Da aka fara cewa 'yan bindigar za su iso Yola, ma'aikatanmu kowa iyayensa suka kira shi gida. Ni da gidana ke nan unguwar Damilu, ina za ni? Muka rage daga ni sai Adda, ita kuma ciwon ƙafa ya hana ta tsayuwa.

Tuwon babbar tukunya aikin mutum biyu ne, ɗaya na zuba gari, ɗaya na tuƙi. Na yi ni kaɗai, duk ya yi gudaji. Masu keke Napep da ke cin abinci wurinmu suka ci haka nan, washegari rabinsu ba su dawo ba. Adda ta ce, "Ladi, in gobe ma haka ne, rufewa za mu yi."

Akwai wata dattijuwa cikin waɗanda suka gudo, Maman Zira, tana wuni ƙarƙashin dogon yaron ƙofarmu. Kullum na kai mata kwano sai ta ce, "Na ci, 'yata." Wallahi ba ta ci ba. Ba ta saba karɓar abin da ba ta yi wa gumi ba ne.

Ranar nan ban kai kwano ba, muciya na kai. Na ce, "Mama, ki rufa min asiri, hannuna ya mutu."

Ta leƙa tukunyar ta ce, "Wannan tuwo ne ko kunu?" Ta gyara ɗaurin zani ta ce in zuba. Ai kuwa tuwo ya fito sumul! Da muka sallami mutane, da kanta ta ɗauko kwano ta ce, "Sa min nama, yau na yi aiki."

Washegari ta zo da mata biyu 'yan garinsu. Ba mu rufe ba.

Ga ta can har yau tana muku faɗa kan gudaji. Ni dai abin da na koya a sana'ar nan, in hannu ya yi ƙaranci ku leƙa bakin ƙofa. Wani ba sadaka yake jira ba, jira yake a ce masa, "Zo, muna bukatarka."