Mashti Safarali, Wa Zai Tsare Mana Rufi?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, ashirin da ɗaya ga watan Bahman na kalandar Iran, maƙwabcina na sama, Mashti Safarali, ya rasu da shebur a hannunsa, yana kwashe dusar ƙanƙara daga tsakar gidansa. Ina ɗaki na ji faɗuwarsa bisa kaina, domin a Masule, garinmu na jikin dutse, tsakar gidan na sama ita ce rufin na ƙasa.

Kawu, tun ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ina kukan rashinka, ina kuma jin tsoro, ban san wanne ya fi yawa ba.

Kai ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka: tsofaffin azara, da ƙasa, da ni, da mahaifiyata wadda jikinta ya shanye, ba ta iya ko juyawa sai an juya ta. Duk sanda aka ɗauke ruwa, kai ne kan garo mulmulallen dutsen nan ka daɓe rufin kafin ka sha shayinka. Ban taɓa roƙonka ba. Na taɓa kai maka safar ulu da na saƙa don godiya, ka ce, "Golnesa 'yata, tsakar gidana nake gyarawa, ina ruwanki?" Amma ka sa safar har ta huje.

Masu yawon buɗe ido ba su san ka da wannan laushin ba. Sukan sauka daga motoci su hauro matakala, su ga hazo ya sauko kan dutse, gidaje jere bisa juna, sai hankalinsu ya tafi. A wurinsu kowane rufi dandali ne. Bara wasu samari daga Tehran suka jeru suna tsalle tare don a ɗauke su hoto a iska. Ƙasa ta zubo a fuskar Inna, na kifa kaina a kanta ina salati. Sai na ji muryarka: "Kai, 'yan birni! Uwar wani ce a ƙasanku. Ku sauka, ko in sauko da ku!" Da suka sauka kuma ka ba su shayi, ka nuna musu inda hoton ya fi kyau.

Ranar zaman makokinka jama'a suka cika tsakar gidanka, masoyanka ne duka, babu wanda ya ce a rage. Azarar tsakiya ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Na tsaya riƙe da hannun Inna, na kasa hawa in kori masu yi maka addu'a. Ni ba ni da muryarka, Kawu. Ko ciniki nake da baƙo sai bakina ya yi rawa.

Jiya babban ɗanka Firuz ya tare ni a matakala ya ce, "Yaya Golnesa, kafin bikin sabuwar shekara na Noruz zan jera tebura a sama in sayar da shayi. Baba ya yi ta korar arziki." Na ce Allah Ya sa albarka, na shige ɗaki. Arba'in ɗinka ma cikin hutun sabuwar shekarar za ta faɗo, lokacin da garin ke cika har ba wurin sa ƙafa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kobra matarka, da Firuz, da ƙannensa. Firuz, abin da na kasa faɗa maka a matakala ga shi: kafin ka sa teburin farko, ka sauko ranar Juma'a, ranar da baƙi suka fi yawa, ka zauna kusa da shimfiɗar mahaifiyata, ka saurari abin da muke ji.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya sassauta maka nauyin ƙasar da ke bisa kanka, mu ma Ya riƙe mana tamu. Amin.