Hoton Malam Zira a Kan Ledar Ruwa

Shekara takwas ke nan, a wannan daminar, da muka kai Malam Zira makwancinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni ɗan tireda ne, aikina awo da ɗaurin kaya. Abin da idona ya gani bana ne ya hana ni yin shiru.

Malamin firamare ne, Kirista, mutumin duwatsun Michika. Ni kuwa iyayena daga Borno suka zo Mubi. Babur ne ya haɗa mu: ina da shi, shi ba shi da shi, ga shi kuma da wata tsohuwar kyamara mai fim da ba ya ɗaukar komai da ita sai ruwa. Duk Asabar ɗin damina zai tsaya bakin shagona da jaka a kafaɗa ya ce, "Modu, rufe shago, mayo ya cika." Mayo shi ne rafi a bakin mutanen Mubi. Sai mu bi ta Gude ko Mugulbu, mu bar babur a gidan wani manomi, mu hau dutse da ƙafa.

Fim ɗaya hoto talatin da shida ne, kuma Malam ba ya ɓarnar ko guda. Zai kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a bakin ƙorama, ya zauna fiye da awa yana duban sama. In na fara mita sai ya ce, "In na danna yanzu, rana zai ƙone farin ruwan. Bari hadari ya rufe shi tukuna." Fim ɗin yakan ba direba ya kai Yola a wanke, mu yi mako biyu ba mu san abin da muka samo ba. Idan hotuna suka dawo, sai ya rubuta sunan wurin da watan a bayan waɗanda suka yi masa.

Akwai guda da ya fi so. A bayan Mugulbu ne, inda ruwa ke faɗowa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu ya taru a ƙasa, garau, kana ganin tsakuwar gindinsa. Ya sa an faɗaɗa shi, ya rataye a falo.

Bayan rasuwarsa wani tsohon ɗalibinsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo gaisuwa. Ya durƙusa gaban matar marigayin, Maman Kuve, ya roƙi aron hoton, wai zai yi kwafi don tunawa da malaminsa. Ta ba shi. Ya dawo da shi cikin mako, har muna yaba hankalinsa.

Bana aka sauke mini sabon ruwan leda a shago. Na ɗauki guda zan sha, sai ga duwatsun nan biyu. An yanke gefen hoton, an zuba wa ruwan wani shuɗi irin na bulan wanki, an liƙa bishiyar kwakwa inda kwakwa ba ta taɓa tsirowa ba. Sunan Malam babu shi ko'ina. Na bincika, masana'antar ta ɗalibin nan ce. Na same shi a ofishinsa.

"Alhaji, ai girmama shi na yi," ya ce. "Yanzu duk gari na ganin aikinsa."

"Ka tambayi matarsa?"

"Hoto ne fa kawai. Ruwan kuma na Allah ne."

Ya sa a kawo mini ruwa mai sanyi. Ban taɓa ba, na fita.

Da labari ya kai wa Kuve, babbar 'yar marigayin, wadda yanzu nas ce, sai ta ce in kai ta wurin, don ba ta taɓa ganinsa ba sai a bangon falo. Da na san abin da za mu tarar, da na nemi uzuri. Hanyar ƙafar da muke bi ta zama hanyar tifa. Dutsen hagu an farfasa shi an kwashe, na dama saura rabi. An haƙe yashin ƙasa, ruwan ya koma kore, man inji na yawo a kansa, wasu na wanke keke-napep a gefe. Leda kuwa ta toshe duk inda ruwa zai bi. Kuve ta sunkuya ta zaro ɗaya daga laka, ta goge da yatsa. Hoton da ubanta ya ɗauka ne a jiki.

"Baba Modu, nan ne?" ta ce a hankali.

Na ce nan ne. Warin wurin ya sa na juya baya, amma ba warin kaɗai ba ne.

Ban ga laifin matan da ke zaune da guduma suna fasa dutse a rana ba; abinci suke nema. Ƙyamata tana kan masu turo tifa, da mai sayar da surar wurin da bai taɓa takawa ya duba ba, da kuma mu. Tsakuwar da na yi daɓen shagona da ita ban tambayi daga wane dutse ta fito ba. Ledar da na sayar shekara da shekaru ban taɓa bin inda take ƙarewa ba. Na daina karɓar ruwan mutumin nan, amma na san wannan bai wanke ni ba.

Nakan tambayi kaina abin da Malam zai yi da yana raye. Ba mai hayaniya ba ne. Ina jin da zai kafa kyamararsa gaban ƙazantar nan, ya jira haske ya daidaita, ya ɗauka, ya kai aji ya ajiye kusa da tsohon hoton, ya ce wa yara su duba da kansu.

Abin da ya rage nasa yana cikin gwangwanin madara uku a ɗakin Maman Kuve: nagatif ɗin shekaru, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, wasu danshi ya fara ci, da hotunan da yawancinsu ba rubutu a baya. Ni kaɗai na rage wanda ya san wuraren, kuma idona ya fara rauni. Don haka Kuve ta kawo su shago, ina faɗa tana rubutawa, ƙorama bayan ƙorama. Da muka gama sai ta ce in ware mata waɗanda har yanzu mutum zai iya zuwa ya ɗibi ruwansu da hannu ya sha. Na daɗe ina juya hotunan. Har yau ban ware mata ko ɗaya ba.