Yatsun Mai Fasa Dutse

Guduma ake ce mata, kuma ba tsokana ba ce. Shekara ashirin da shida ta yi a gindin tsauni tana mayar da dutse tsakuwa: ta jefa shi cikin zoben tsohuwar taya, ta ɗaga ƙarfe, ta sauke. Wani mai lodi ya taɓa taka mata tulin tsakuwa da gangan, haƙoransa biyu ya bari a wurin. Ɗanta ɗaya tilo, direban tipa, da mari ta raine shi, shi kuwa sonta yake kamar ya haɗiye ta.

Da ciwon dajin nono ya kama ta aka yanke na hagu, amma mugun abin ya riga ya bi ƙashi. Wata goma sha huɗu ana ɗura mata magani ta jijiya. Gashi ya zube, ta ce ai ɗankwali na nan. Amai kuwa ta yi, ta share baki ta tashi. Abin da ya ci mata rai yatsunta ne. Maganin ya kashe su murus, ba zafi ba sanyi.

Ranar da jikarta ta cika kwana tara ta ce ita za ta yi mata wanka. Ta tsoma hannu a baho, ba ta ji komai ba, ta ce ruwan ya yi daidai. Ƙafar jaririyar na shiga ta tsandara ihu, fatar diddigenta ta saluɓe. Matar ɗan ta fizge 'yarta, ta hankaɗe tsohuwar ta faɗa kan bokiti. Guduma da ba a taɓa hankaɗe ta an kwana lafiya ba, ranar tashi kawai ta yi ta bar wurin. Daga nan ba a ƙara miƙa mata yarinyar ba.

A asibiti likita ta duba hotunan ta ce, "Mama, ciwon ya lafa. In kina so za mu iya hutar da ke wata uku. Wataƙila yatsun su dawo, wataƙila a'a. Ciwon ma yana iya tashi, ba zan ɓoye miki ba."

"A tsayar," in ji Guduma.

Ɗan ya naushi tebur har biro ya yi tsalle. "Ba za a tsayar ba. Mama, kashe kanki za ki yi ina kallo?"

Suka isa gida. Ta ja shi tsakar gida ta kwalar riga, ta shimfiɗa hannun hagu a kan dutsen da take zama, ta ɗauki gudumarta.

"Kalle ni," ta ce.

Ta sauke ƙarfen a kan ƙaramin yatsanta. Ƙashi ya yi ƙara, jini ya fantsama har kan takalminsa. Shi ne ya kurma ihu, ita ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ka gani? Wannan kake rayawa. Dutse nake fasawa, ba dutse zan zama ba. Ina so in riƙe yarinyar nan in san na riƙe ta."

Ya ɗaure hannun da rigarsa yana kuka yana faɗa, ya cicciɓe ta ya sa a gaban tipa. A hanyar asibiti ya ce, "Wata uku, Mama. Ko kwana ɗaya ba zai ƙaru ba."

Mako shida shiru. A na bakwai yatsan da aka ɗinke ya fara yi mata zugi, zugi mai tsinka rai. Ta zauna tana zaginsa tana dariya, har maƙwabta suka ɗauka ta zare. Ta bi gida tana taɓa komai: bakin wuƙa, ƙofa, gefen tukunya.

Wata safiya tana cuɗa jikinta a banɗaki, yatsun nan da suka farfaɗo suka tsaya a hammatarta ta dama. Ƙullutu ne, mai tauri, kamar tsakuwar da take fasawa. Ta danna shi sau biyu. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta fito ta tarar matar ɗan tana sirka ruwa. Ta tsoma hannu a baho, ta fizge da sauri.

"Ya yi zafi, ƙara na sanyi."

Matar ta kalle ta, ta ƙara, sannan ta miƙa mata yarinyar. Guduma ta shafa tabon diddigen da babban yatsa, ta ji kowane gurzonsa.

Sai da ta gama wankan tas, ta shafe yarinyar da mai, sannan ta ce, "Kira mijinki. Ce masa ya zo mu koma wurin likita."