Malam Gidaɗo da Tagar Goggo Yelwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Tungar Atu, ɗan ƙauyen nan da ke gefen hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, ya san abin da Malam Gidaɗo Namadi yake yi idan an idar da sallar asuba. Ba ya komawa gida kai tsaye. Sai ya bi lungu-lungu, yana tafe yana shafa bangon mutane da tafin hannu kamar mai gaisawa da su. In ya ji wuri ya tsage ko ya yi laushi, sai ya tsaya ya yi sallama da maigidan, ya ce, "Bangonka na gabas na son yaɓe, kak ka bari ruwa shi riga ka." Daga nan sai koko, sai keke, sai makaranta. A aljihun rigarsa kuwa kullum akwai wata igiya mai ƙulle-ƙulle, tsakanin ƙulli da ƙulli kamu guda. Uwargidansa ta ce ta gaji da ɗinke wannan aljihun.

Shekara talatin da biyar yana haka. Makon jiya ya ajiye alli. Ba a ba shi lambar yabo ba, ba a kira sunansa a rediyo ba, shi kuma ko a jikinsa. Mu ne abin ya dama, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

An turo shi ƙauyen a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato aka kuma buɗe ilimin firamare kyauta. Lokacin arzikin man fetur ne, kowa hankalinsa na kan siminti da kwano. Shi ɗan gidan malamai ne a Tambuwal, hannunsa bai san komai ba sai allo da littafi. Ya yi ta fama da 'yan aji biyar a kan tsawo da faɗi, yana zane a allo, su kuma suna gyangyaɗi don zafin kwano. Wata rana da tara ya leƙa bakin rijiya, sai ya tarar da waɗannan masu gyangyaɗin sun kwaɓa laka suna gina 'yan ɗakuna, suna musu kamar za su doki juna a kan bangon wa ya fi miƙewa. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Washegari a bakin rijiya aka yi darasin lissafi.

Da ya ga iliminsa na gini bai wuce na yaran ba, sai ya je ya durƙusa gaban Bube magini, wani dattijo mai gajeren haƙuri wanda bulo ya raba da sana'arsa. Bube ya yarda ya riƙa zuwa makaranta duk Laraba. Iyaye kuwa suka ce ba su san zance ba. Wani uba ya tare Malam a kasuwa ya ce, "Mun ba ka ɗiyanmu su zan ma'aikata, kai ko ka maishe su cikin laka? Laka ai muna da ita gida!" Tun daga ranar aka laƙaba masa Malam Laka, kuma ba yabo ake nufi ba. Har 'yan'uwansa a Tambuwal sai da suka aiko a tambaye shi ko lafiya.

A shekara ta biyu ya ce wa yaran wasa ya ƙare, bana ɗakin gaske za a yi, wanda mutum zai kwana a ciki. Ba a sha wahalar neman wanda za a yi wa ba. A ƙarshen gari ta gabas akwai Goggo Yelwa, tsohuwa mai sayar da daddawa, ita kaɗai a gida. Ɗa ɗaya gare ta, Ɗan'iya, ya tafi Ikko sauke siminti a jirgin ruwa shekara biyu da suka wuce. Sau ɗaya ya aiko da saƙo, daga nan shiru. Ɗakinta ya tsage har hannu na shiga. Bube ya duba ya ce ba zai kai ƙarshen damina ba, kuma in zai faɗi ba zai yi sallama ba. Maƙwabta sun yi juyin duniya ta koma wurinsu, ta ƙi.

Malam ya raba ajin gida huɗu. Suka auna filin da igiya, suka lissafa yawan tubalin da za a buƙata, suka fara bugawa suna shanyawa. Kowace ƙungiya ta gina ɗan samfurin ɗaki, tsayinsa iya gwiwa. Sai jarrabawa: yaro ɗaya ya riƙe gwangwani mai huji yana zuba ruwa, biyu suna kaɗa faifai daga gabas a matsayin iska, Bube na zaune a kan turmi yana yanke hukunci. Doka ɗaya ya kafa musu tun farko, wadda kowane magini a ƙasar nan ya sani: ruwa daga gabas yake bugowa, don haka ƙofa ba ta kallon gabas. Duka huɗun yamma suka juya ƙofa. Wanda ya fi jure ruwa aka ɗora a kan katako, aka ɗauko shi da waƙa da tsalle har ƙofar Goggo.

Goggo ta goge hannu a zane, ta zagaya shi sau biyu, ta sa musu albarka. Sannan ta ce, "To, ina hanya take?"

Suka nuna mata bayan ɗan ɗakin.

Ta ce, "Ku ɗauke abinku. Ba ni shiga."

Malam Gidaɗo da bakinsa ya ce ranar ransa ya ɓaci ƙwarai. Da ƙyar ya shawo kan iyaye suka yarda za su fito gayya, tubali ya bushe, hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa, ga tsohuwa ta kafe. Masu cewa Malam Laka suka samu abin dariya. Bube ya kaɗe rigarsa ya ce shi bai taɓa gina ƙofar gabas ba, ba kuma a kan mai daddawa zai fara ba.

Da la'asar Malam ya koma shi kaɗai da niyyar ya yi mata bayani. Ya same ta a bakin tsagaggen ɗakin, a kan 'yar kujerarta, tana ɓare kalwa. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya buɗe baki ke nan sai wata babbar mota ta tsaya a bakin hanya. Goggo ta saki abin da ke hannunta. Ta miƙa wuya, ta bi masu saukowa da ido ɗaya bayan ɗaya har motar ta tashi, sannan ta sunkuya ta ci gaba da aikinta kamar ba a yi komai ba. Duk bayanin da ya taho da shi ya bi iska.

Ba ta dube shi ba ta ce, "Malam, nan yab bi yat tafi, nan za shi biyowa shi komo. In kaj juya min ƙofa yamma, wa ka ganin shi?"

Da safe ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ba kowane malami ke iya faɗa wa yara ba. Ya ce, "Ni na yi kuskure, ba ku ba. Mun auni ƙasa, mun auni bango, ba mu tambayi mai ɗaki ba." Ya rubuta a allo: ruwa daga gabas, hanya a gabas, Goggo tana son ta bushe kuma tana son ta gani. Ya ce wannan ne aikin gida, shi ma bai san amsa ba.

Kwana uku ana kai ruwa rana. Wani ya ce a sa ƙyauren kwano, aka gwada da murfin gwangwani, ruwa ya bi ta ƙasa ya shiga. Wani gwani ya ce a mayar da hanyar yamma da gari, aka yi ta dariya. A rana ta uku wata yarinya mai suna Hindatu, wadda sai a yi mako ba a ji muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, Goggo ba fita taka son yi ta gabas ba. Gani taka so." Ta ɗauki laka ta liƙa wa samfurin ɗan zaure a gaba, ta buɗe masa ƙofa ta kudu, ta sa yatsa ta huda 'yar taga a bangon gabas.

Bube ya zagaya abin yana tsaki, ya tsuguna ya leƙa ta hujin. Sannan ya ce, "Ba ta ƙare ba. A yi mata baki daga bisa don ruwa shi zarce, a sassaƙa mata toshi na icce." Wanda ya san Bube ya san wannan shi ne iyakar yabonsa.

Hindatu, wadda yanzu take shugabancin wata firamare a Kebbe, ta ce abin da ba ta mantawa shi ne awon ƙarshe. Suka zaunar da Goggo a kan kujerarta, Malam ya zaro igiya ya miƙa wa Hindatu, ta auna daga ƙasa zuwa idon tsohuwar: kamu biyu ba kaɗan. Goggo tana dariya tana cewa ita dai yau ta ga boko, har ido ake aunawa.

Aka yi gayya. Uban nan da ya tare Malam a kasuwa shi ne ya hau bango yana cafe tubalin da ɗansa ke jefo masa. Mata suka yi daɓe. Kwana huɗu da tarewar Goggo, da azahar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tsohon ɗakin ya zube tun ba a ɗauke ba. A sabon kuwa ko tabarma ba ta jiƙe ba. Ruwa na tsayawa Goggo ta zare toshin ta mayar da ido hanya.

Haka ta yi ta zama shekara da shekaru, ɗan nata bai sauko ba. Mutane suna tausaya mata, wasu suna cewa da an toshe tagar da ta fi samun kwanciyar hankali. Malam dai, duk shekara 'yan aji biyar sai sun gina wani abu na gaske: rumbu, makewayin makaranta, rumfar masu jiran mota, dakalin wani makaho da aka yi wa gefe mai tudu don sandarsa ta riƙa gane shi. Darasin farko kuwa bai sake canjawa ba. Kafin a taɓa igiya, sai an je an zauna a ƙasa an tambayi mai ɗaki.

Malam Gidaɗo, mai igiya a aljihu, kai ne ka ɗauki sunan da aka sa maka don a muzanta ka, ka riƙe shi har ya zama ana kiran ka da shi cikin girmamawa. Kai ne ka mayar da Bube cikin mutane, ya rasu yana malami bayan an ce zamaninsa ya wuce. Cikin ɗalibanka akwai mai zana gidaje a Sakkwato, akwai magina, amma mafi yawansu manoma ne a Jabo da Fakku da nan Tungar Atu, waɗanda bangonsu ba ya faɗuwa, kuma in za su yi wa iyayensu ɗaki sai sun tambaye su. Muna ƙaunar ka saboda wannan, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

A taron sallama da aka yi masa a filin makaranta, bayan manya sun gama jawabi, wani dattijo mai furfura ya miƙe daga baya ya ce a ba shi minti biyu. Ɗan'iya ne, ɗan Goggo Yelwa. Yaran yanzu sun san shi da sayar da hatsi a kasuwar Tambuwal, ba su san labarinsa ba.

Ya ce ya dawo ne a 1984, bayan arzikin mai ya ja baya aiki ya ƙare, ba shi da komai sai rigar jikinsa. Kunya ce ta hana shi aike, ita ce kuma ta hana shi dawowa da wuri. Ya sauka daga mota da la'asar, ya dubi inda ɗakin uwarsa yake, bai gan shi ba. Sai wani sabon gini da bai sani ba, ya ba hanya baya, ba ƙofa ba kowa.

Ya ce, "Sai nic ce wa raina, Inna ta rasu, wani ya gine wurin. Mi za ni ce ma mutane? Da wane ido? Motar ba ta tashi ba, sai nij juya, nis sa ƙafa guda bisa taya in hau." Ya tsaya ya share fuska da hularsa. "Sai nij ji murya ta fito cikin bango. Tac ce, Ɗan'iya, ina za ka kuma?"

Malam Gidaɗo ya sunkuyar da kai yana murza igiyar nan a hannu, hawaye na ɗiga a kan rigarsa.

Goggo ta yi shekara shida tare da ɗanta, a hannunsa ta cika. Har yau Ɗan'iya ne a ɗakin. Duk shekara yana yi masa yaɓe, ya sa siminti a ƙasa, ya canja ƙyaure sau biyu, amma bai taɓa barin magini ya kusanci tagar ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya gina maka ɗaki a Aljanna. Ku kuma malaman firamare da ke tasowa, kada ku ce ba ku da kayan aiki. Laka da igiya da gwangwani mai huji shi ma ya samu. Ku fito da yara daga aji su yi wa wani abin da zai amfane shi, ku koya musu su fara da tambayarsa. In hanya ta bi da ku Tungar Atu, ku sauka a ƙarshen gari ta gabas, ku nemi wata 'yar taga da ba ta kai ƙugun mutum ba. Sai kun zauna sannan za ku ga abin da take kallo.