Kawu a Cikin Mabugi

Laifina ne tun farko, gara in faɗa da bakina. Ina ɗan shekara tara na mallaki katin Kawu har guda uku, kuma duka na shafa musu ƙullun fulawa na manne su.

A lokacin, cingam ɗin da ake sayarwa a kantin bakin layinmu a unguwar Tandabawi ta Makka yana zuwa da ɗan kati a ciki, mai hoton ɗan ƙwallo. Cingam ɗin ba daɗi, tauna biyu ya zama roba. Katin muke so. Wasan da muke yi da shi sunansa bugu: abokin wasa ya kifa katinsa a ƙasa, kai kuma ka maka naka a gefensa, in iskar ta birkice shi fuskar ta dubi sama, ya zama naka. Kati ɗaya ba shi da nauyin wannan aiki, sai mu haɗa biyar ko shida mu manne, mu danne da dutse a rana har ya yi tauri. Shi muke kira mabugi. Sama da ƙasa mukan sa 'yan gaba masu cin ƙwallo, don a gani a ji tsoro. Tsakiya kuwa, inda ba mai gani, nan muke cusa waɗanda ba a so, kuma babu wanda ba a so kamar mai tsaron gida. Ko gola huɗu ka miƙa, ba mai ba ka ɗan gaba ɗaya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma gola ne. Ya fara da ƙafa ba takalmi a filin tsakuwa na unguwa, duwatsu biyu ne raga. Daga nan wata ƙungiya ta cikin gari ta ɗauke shi, ya tsare mata gida shekara goma sha wani abu, yawancinsu ba safar hannu. Tsofaffin unguwa sun ce ba ya son faɗuwa, fitowa yake yi ya tsinke ƙwallo a sama tun kafin ta sauka a kan kowa, yana yi yana yi wa 'yan bayansa faɗa da Hausa, don alƙalin wasa ba ya ji. Kafin katunan nan su fito ya riga ya bar ƙwallo, ya yi aure, yana tuƙa motar alhazai tsakanin Makka da Madina, sai mu yi wata ba mu gan shi ba. Kakanmu kuma ba ya son hoto a gidansa, don haka katunanmu a cikin safa suke kwana. Ban taɓa nuna wa Kawu ba. A gaskiya kunya ma nake ji a ce kawuna gola ne.

Shekara huɗu da suka wuce na je gaishe shi a gidansa da ke unguwar Zahir bayan la'asar. Na same shi yana ba da labarin ranar da ya kama fenariti biyu a wasa ɗaya, labarin da na ji sau ɗari, kuma kullum sai 'yan kallo sun ƙaru. Jikarsa, wadda ke karatun aikin jinya, ta tsokane shi da Larabci, ta ce ita ba ta yarda da labarin da ba hoto.

Ni da bakina ba ya riƙe magana na ce, "Ai akwai kati."

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Wane kati?"

"Na cingam, Kawu. Kana tsaye a bakin raga."

"Ni? A cikin cingam?" Ya juyo gaba ɗaya. "Ɗayyib, to ina yake?"

Na faɗa masa gaskiya, har da ƙullun fulawar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna ni yana cewa, "Ku ga ɗan banzan da ya binne kawunsa da rai!" Da dariyar ta lafa sai ya rage murya. "Ya nake a ciki? Ina da suma?"

Tambayar ta sosa mini zuciya. Mutumin nan bai taɓa ganin kansa yana saurayi ba, hotonsa mafi tsufa shi ne na lasisin tuƙi. Ga ciwon suga ya riga ya cinye masa idon hagu, na dama ma likita ya ce yana bin sahu. In zai ga katin nan, to sai na hanzarta.

Haka na shiga tara katuna da furfura a gemuna. Ina da shagon gyaran agogo a Utaibiyya, sai aljihun teburin ya koma na katuna. Na shiga zauren masu tara irinsu a waya, na bi kasuwar tsofaffin kaya duk Juma'a, na je har Jidda wurin wani dattijo da ke ajiye nasa cikin leda ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari a taɓa sai an wanke hannu. Daɗi na ji ba kaɗan ba. Fuskokin da na manta suka riƙa dawowa, masu tulin suma da gajeren wando, kowa ya dafa ƙwallo yana harare-harare. Cikin shekara biyu na haɗa kusan kowa. Masu tsaron gida ne kawai babu, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce wataƙila kaɗan aka buga.

Wani abokina na ƙuruciya ne ya warware mini, a wurin wata walima. Yana cin shinkafa ya ce, "Kai ma da neman wahala. Kai kaɗai ka manne gola? Duk yaran Makka a mabugi suka binne su."

Na tsaya da loma a hannu. Washegari na rubuta a zauren cewa ina neman tsofaffin mabugai, komai lalacewarsu. Aka yi mini dariya son rai, domin a wurin masu tara kati mabugi shara ne. Amma mutanenmu da aka rushe musu tsofaffin gidaje suka tashi, da yawa sun ci karo da gwangwanayen ƙuruciyarsu wajen kwashe kaya. Sai ga mabugai suna zuwa shago a leda, baƙi ƙirin da dauɗar hannu, gefuna duk sun cinye.

Ƙullun fulawa tururi ke sakinsa. Na fara da butar shayi a kicin, na lalata guda biyar a rana ɗaya. Matata ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, wai da wannan hannun kake gyara agogon mutane? Matsa." Ta ɗora tukunya, ta kifa rariya a kai, ta jera mabugai, ta rufe da tsumma. Da suka yi laushi ta ɗauki siririyar wuƙar da take raba ganyen sambusa da ita, ta riƙa zura ta a hankali tana ɗagawa. Ga gola. Ta sake ɗagawa, ga wani. Launinsu garau, domin shekara arba'in da wani abu ba rana ba ƙura. Muka riƙa shanya su a kan faranti muna dariya, ita tana ba su maki a kan kyau. Duk safiyar Asabar aikinmu ke nan. Cikin 'yan watanni dattijon nan na Jidda da kansa ya zo shagona, ni ma na ce ya wanke hannu.

Ranar da abin ya faru, mabugi ne mai kauri, an ɗaure shi da zare. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu. A ƙarƙashin na uku na hango gefen baƙar riga da wani kunne mai faɗi, irin kunnen gidanmu. Na yi ihu. Ta ce, "Dakata, bai gama sakuwa ba." Ban dakata ba. Na sa yatsa na fizga.

Fuskar ta ɗaye, ta manne a bayan katin da ke sama. Abin da ya rage fari ne fat daga wuya zuwa suma, sai riga, da hannuwa biyu riƙe da ƙwallo a ƙirji. Muka gwada ɓamɓaro fuskar daga ɗaya katin, ta narke ta zama dusa. Matata ta ajiye wuƙar, ta sauke tukunya. Na zauna a ƙasan kicin, babba da ni mai jikoki, hawaye na zuba.

Kwana uku ina juya katin. Na so in ɓoye in ci gaba da nema, amma mabugai sun fara ƙarewa, idon Kawu kuma ba jira zai yi ba. Na sa shi a leda, na ɗauki gilashin da nake duba cikin agogo da shi, na tafi Zahir.

"Kawu, na samo. Amma na sake yin ɓarna."

Ya sa aka matsar da kujerarsa bakin taga. Ya kafa gilashin a idon dama, ya kawo katin har kan hancinsa. Ya daɗe. Ni kuwa ina ta zuba bayani, tururi ne, ƙullu ne, gaggawa ce.

"Halas, ya isa, yi mini shiru," ya ce.

Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci kuka yake, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun. Ya kira jikar tasa da ƙarfi, ta fito. Ya ɗora katin a gwiwarsa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a gefe. Ƙaramin yatsansa a karkace yake, ya baje waje. Duk rayuwata ina ganin yatsan nan ban taɓa tambaya ba. A katin ma ga shi nan a kan ƙwallo, a karkace, an naɗe shi da farin ƙyalle.

"Fenariti na biyu ne ya karya shi," ya ce mata. "Da shi na ƙarasa wasan. Duba da kyau, ke mai aikin jinya."

Ta sunkuya ta duba katin, ta duba hannun, sannan ta kama yatsan ta sumbace shi.

Na ce, "Kawu, ka yafe mini fuskar."

Bai ko ɗago ba, yana ta kallon katin ta gilashi. "Fuskar me? Wa ya taɓa kama ƙwallo da fuska? Kai dai dubi hannun yaron nan. Wallahi ko ni ne ɗan gaba, sai na ji tsoronsa."