Mai Sallama a Tashoshin da Ba Kowa

Ƙarfe takwas saura kwata na safe Musbahu Gimba yake sauka daga tram, jirgin ƙasan cikin gari, a bakin ruwan Salford kusa da Manchester, da kwanon abincinsa a leda, da hular sanyin da ya kamata a ce ta yi ritaya kafin shi. Ya hau bene na uku na wani kamfani da ba zan faɗi sunansa ba, don talla ba aikina ba ce. Wasan kwamfuta suke yi, na sararin samaniya: mutum yana zaune a ɗakinsa yana tuƙa kumbo tsakanin taurari, ya yi fatauci, ya gina tasha, ya yi gaba da wanda bai taɓa gani ba. Musbahu ba shi ke zana kumbon ba, ba shi ke ƙera taurarin ba. Aikinsa karanta abin da masu wasa suke so a ƙara musu a sabuntawa ta gaba, wadda suke kira update, ya tace, ya kai wa injiniyoyi. Shekara goma sha biyu ke nan.

Na taɓa leƙa akwatin saƙon nasa. Wani yana son igwa mai baki uku. Wani yana son a yi ruwan sama a wata duniya da ko iska babu. Wata tana son kyanwa a ɗakin matuƙi, amma kada ta yi kuka. Akwai wanda shekara tara yana rantsuwa cewa gobe zai bar wasan. Na karanta littattafai da dama a kan kwaɗayin ɗan Adam, ashe marubutan ba su ga komai ba. Musbahu kuwa kowa sai ya amsa masa, da sunansa, har masu zaginsa.

Ba don wannan nake jinjina masa ba. Haƙuri da wawaye ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan, duk mai aiki da jama'a yana yi.

Shekara uku da suka wuce masu wasan suka haɗa baki a kan buƙata ɗaya: a share kangaye. Tashoshi ne da masu su suka daina zuwa, suna nan rataye a kan hanyoyin fatauci, sun tare wa masu rai wuri. Aka jefa ƙuri'a, tara cikin goma suka ce a rushe. Jagoran masu wannan kira Jabez ne, direban bas da ke zaune a Ladywood, mutumin Kafanchan, mai Hausa kamar reza. Shi da bakinsa ya ba ni labarin haɗuwarsu da Musbahu a taron masu wasa a Birmingham.

“Kai ne Gimba? Malam, shekara biyu muna jiran update ɗin nan, gemu ya fito mana. Wanda ya tafi ya tafi. Ko council, hukumar da ke ba da hayar gidaje, ka bar flat wata uku ka gani in ba su ba wani ba.”

“Gaskiyarka,” in ji Musbahu. “Amma council tana ƙwanƙwasa ƙofa tukuna.”

Sai ya shiga ƙwanƙwasawa. Tasha dubu huɗu da ɗoriya, kowacce ya rubuta wa mai ita. Yawanci ba su amsa ba. Wasu suka ce a rushe, sun girma. Amma amsa ɗari da sittin da uku ba daga masu tashar suka fito ba. Uba ne ya amsa, ko mata, ko ƙanwa, kuma duk maganar ɗaya ce: ai ya rasu, ai ta rasu.

Ɗaya daga cikin wasiƙun nan ni ta samu. Matata Hafsa injiniyar gada ce. A shekararta ta ƙarshe, da ciwo ya hana ta hawa bene, ta gina tasha a wasan nan daga kan kujerar falo, ni kuma ina gefe ina yi mata ba'a. Na amsa wa Musbahu a taƙaice cewa wannan ba hukuncina ba ne, mahaifiyarta, Inno, tana raye a unguwar Handsworth ta Birmingham, a gidan ɗanta. Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Asabar sai ga shi a tashar jirgin ƙasa da kwamfuta a jaka, yana tambayata wace bas ce take zuwa gidan.

Hafsa ce 'yar farin Inno. Wanda ya san irin su Inno ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, kuma a shekara talatin da muka yi a Manchester sau biyu ta taka gidanmu, na biyun ranar wankan gawarta. Da Musbahu ya durƙusa ya gaishe ta ya yi bayani, ko kallon kwamfutar ba ta yi ba.

“Wasan yara ne ya taso ka tun daga Manchester, ɗan nan? Ba ka da iyali?”

“Ina da su, Inno. Ɗaki ne ta bari. Ban ga ya dace a rushe ba a gaya muku ba.”

Ya kunna. Rana tsaka ce, ana jin bas tana wucewa a titi, amma allon baƙi ƙirin, babu sauti ko kaɗan. Can sai ga tashar, tana juyawa a hankali, fitila ɗaya rawaya a bakin ƙofa. Shekara biyu ba wanda ya je, fitilar tana ci. Kumbon ya matsa, ƙofa ta buɗe da kanta, sai muryar Hafsa ta cika falon, da 'yar dishewar nan ta watanninta na ƙarshe:

“Wa alaikumus salam. Maraba, maraba. A shigo, a yi haƙuri da wurin.”

Wasan yana ba mai tasha dama ya naɗi gaisuwar da baƙi za su ji. Wasu sukan sa kiɗa, wasu barazana. Ita amsar sallama ta naɗa. Ban sani ba sai ranar.

Inno ce ta fara magana, kuma faɗa ta yi.

“Wa ya yi sallama a cikinku? Kun faɗa wa mutum ɗaki kamar awaki, ta amsa abin da ba a ce ba. Koma da baya.”

Musbahu ya ja kumbon baya, ya sake nufo ƙofar. Inno ta gyara mayafi, ta matso bakin kujera, ta ce, “Salamu alaikum.” Ƙofa ta buɗe. Aka amsa mata.

Na yi ƙoƙarin yin abin da masu karatu suka iya, wato ɓata wa mutane lokaci da bayani. Na ce Inno, naɗi ne kawai, mamaci ba ya ji. Ta ce ta riga ni sani, ita ta yi mata wanka. Musbahu ya ce zai iya sa mata muryar a waya ta riƙa ji duk lokacin da ta so. Ta ƙi.

“A waya ni zan danna ta yi magana, kamar na aike ta. Can kuwa ɗakinta ne. Ni zan je.”

Daga ranar kowace Juma'a nake hawa jirgi zuwa Birmingham da kwamfuta, in kai surukata gidan 'yarta.

Celestina, shugabar sashen su Musbahu, ita ta gaya mini yadda aka kwashe a ofis. Kamfani ba zai fasa sharar ba, jama'a sun yi ƙuri'a. Abin da Musbahu ya samo bayan mako uku yana naci shi ne: duk tashar da aka janye daga hanya zuwa can gefen taswira, inda ba kowa, za a ƙyale ta, muddin wani yana sauka a cikinta ko sau ɗaya a kwana casa'in. In aka wuce haka, na'ura ta rushe ta, ba sai an tambayi kowa ba. Injiniyoyi suka ce ba su da lokacin ƙera hanyar kwashe su gaba ɗaya. Sai dai a ja su ɗaya bayan ɗaya da kumbon janwe, yadda kowane mai wasa zai yi, kowacce awa biyar ko shida. Saura wata huɗu a saki sabuntawar.

Ya ja. Allo ɗaya yana amsa wa mai son igwa, ɗaya allon yana jan ɗakin mamaci a cikin duhu. Lokacin cin abinci, Asabar, Lahadi bayan azahar. Celestina ta ce abin da ya fi tayar mata da tsigar jiki ba muryoyin ba ne, Musbahu ne: duk tashar da ya isa, sai ya yi sallama a fili kafin ya ɗaura mata igiya, ko ta wane ne, ko da wane harshe za a amsa. Ofis ya yi tsit, ka ji mutum yana gaida bango, bango yana amsawa. Masu wasa suka sa masa suna Janwen Matattu, don ba'a. Sunan ya bi shi, ba'ar ta faɗi a hanya.

Saura kwana goma sha biyu, tasha arba'in ba a ja ba, ta Hafsa a cikinsu, don bi da bi yake yi, yadda amsoshin suka iso, ni kuma na yi jinkirin amsawa. Lissafi bai kai ba, kowa ya gani. Na same shi a bakin ruwa lokacin hutun rana.

“Musbahu, kai namu ne. Tsohuwar nan ka san halin da take ciki. Ka tsallake layi.”

“Baba, waɗanda ke gabanta ma 'ya'yan wasu ne.”

Na gaya masa maganganu a ranar waɗanda ba zan rubuta ba. Ya tsaya ya ji duka, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya koma ya ci gaba da jan tashar wani mutumin da ko sunansa ba ma iya faɗa. Ban yafe masa ba sai da na kwana biyu. Yanzu na san da ya saurare ni, da ban rubuta wannan ba.

Jabez ne ya cike giɓin, kuma ba da niyyar alheri ya je ba. Ya tuƙa kumbonsa zuwa gefen taswirar don ya ɗauki hoto ya yi dariya. Wurin da yanzu ake kira Unguwar Shiru, ko da yake ba shirun ba ne. Tashoshin suna jere, fitilu suna ci, ba kumbo ko ɗaya. Da ya ratsa ta tsakiya kusa da ƙofofin, sai suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani yana dariya. Wata tana cewa a kula kada a goge mata fenti. Wani tari kawai ya yi, kare yana haushi a bayansa, sannan ya ce wani abu da harshen da Jabez bai sani ba.

“Malam, na sha tuƙa bas ba fasinja,” in ji shi, “amma ban taɓa jin kujeru suna gaishe ni ba. Na kashe abin, na fita waje na tsaya a rana.”

Washegari ya zo da janwe goma sha ɗaya, duk mutanen da suka yi ƙuri'ar rushewa. Ya aika wa Musbahu saƙo: “Gimba, ba don kai ba. Ba ni jerin.” Tashar Hafsa ta isa saura kwana biyu. Ba a bar ko ɗaya a hanya ba.

Tun daga nan Musbahu yake zagaye. Duk tashar da danginta ba su iya zuwa, shi yake sauka kafin kwana casa'in su cika. Ba ya cikin aikinsa, ba wanda ya sa shi. Yanzu idanunsa sun gaji, likita ya ce ya rabu da allo in yana son ya ga jikokinsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Juma'ar da ta wuce ya zo Handsworth, ya ɗora hannun Inno a kan abin tuƙi, ya ce yau ita za ta kai kanta. Sau biyu tana gwara kumbon da bango.

“Ƙofar nan ta yi ƙanƙanta.”

“Inno, 'yarki ce ta zana ta.”

“Ai na gani. Da ma ba ta son a shigo mata da garaje.”

A karo na uku ta shiga daidai. Ta yi sallama, aka amsa, ta zauna tana kallon fitilar. Sannan ta ce mini daga yau in ajiye kwamfutar a nan, in huta da jirgi.

Musbahu, kai ne ka karanta buƙatun masu rai shekara goma sha biyu ba ka raina ko ɗaya ba, sannan ka tuna da waɗanda ba su da bakin neman komai. Kai ne ka ƙi fifita naka ranar da naka ya zage ka. Ba na yawan godiya, waɗanda suka san ni shaida ne. Na gode. Allah ya ba idanunka lafiya, ya sa ranar da ka yi sallama a ƙofar da dukanmu za mu je, a amsa maka da maraba.

Ku kuma masu karatu, na san gidajenku. Kusan kowane ɗaki akwai mai kumbo, yana jiran a ƙara masa igwa. Tasha ashirin da tara ba su da dangin da za su je, jerin yana hannun Celestina. Minti goma ne a wata uku. Ku ɗauki ɗaya, kuma ku yi sallama kafin ku shiga. Ta Hafsa tana da mai zuwa, amma mai zuwan shekararta saba'in da takwas, kuma ta ce in gaya muku ba ta yi wa kowa alkawarin baɗi ba.