Kawu Isiyaku da Na Ƙarshen Layi

Shekara tara ke nan cif da muka kai Kawu Isiyaku makwancinsa a Birnin Gwari, Allah ya jiƙansa. Wan mahaifiyata ne, kuma shi ne kocin da ya horar da yawancin 'yan ƙwallo da 'yan tsere da 'yan kokawar garin nan a zamaninsa. Na san masu irin wannan rubutu yabo suke jerawa. Ni kam ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kishi nake yi har yau, kuma da Bulus nake yinsa.

A wancan lokacin daji bai zama abin tsoro ba. Ana sallame sallar asuba Kawu zai hura usur, mu kusan ashirin mu kama hanyar da ta ratsa daji ta nufi Kusasu. Mu yi gudu cikin yashin rafi, mu ja tsohuwar tayar tarakta da igiya a ƙugu, mu yi tsallen kwaɗo har cinya ta kama rawa. Makiyaya kan dogara sanda suna mana dariya, wai ba abin da ya biyo mu amma muna gudu. In ka yi ƙorafi, Kawu ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai dai yana da wata ɗabi'a guda. Ba ya bin na gaba. Kullum yana can baya, kafaɗa da kafaɗa da na ƙarshen layi. Ni ne na gaba, ba alfahari ba. Na ƙarshe kuwa Bulus ne, wani manomi ɗan wajen Damari da ya dawo gari, jiki kamar turmi, yana son kokawa amma numfashi ba ya kai shi ko'ina. Shekara shida ina isa bakin rafi ni kaɗai, in tsaya ina haki, in hango su can nesa sun jero, Kawu yana ta zuba masa magana, wani lokaci har da dariya. Ni ɗan ƙanwarsa kuwa, abin da nake samu bai wuce ya dubi agogo ya ce, "Sabi'u, koma ka sake." Naka sai naka, daɗin zama sai bare.

Wata rana abin ya ishe ni, na ƙirƙiro ɗingishi, na yi ta ja da baya har suka cim mini. Kawu ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya ce, "Ɗazu ta hagu ce ke ciwo, yanzu ta koma dama? Wuce ka ba mu wuri." Bulus ya yi dariya har da tari. Wallahi ranar da ƙasa ta tsage da na shige.

Da na ciwo kofi a wani tsere a Kaduna, na kai wa Kawu har gida. Ya juya shi, ya ajiye, ya ce na yi gaggawar buɗe ƙafa a zagaye na biyu. A makon nan ne Bulus ya fara kai bakin rafi ba tare da ya tsaya ba. Kawu ya sa aka yanka masa zakara. Haba jama'a! Na ci naman, amma ban yi wa Bulus barka ba.

Da Kawu zai ɗago kai yau, ban san me zai ce ba. Hanyar dajin ta gagara, ko mai noma sai ya yi addu'a kafin ya bi ta, balle mai motsa jiki. Filin makaranta muke zagayawa kamar shanun huɗa. Samarin yanzu a waya suke kallon horo, suna shan wani gari a gora wai na ƙara ƙwanji. Ina jin zai karɓe gorar ya miƙa musu igiyar taya. Ni na gaji usur ɗinsa, ni nake horar da su, amma in sun tambaye ni abin da marigayi yake cewa kan numfashi ko kan hawan tudu, sai in kawar da zancen. Ban sani ba, ina gaba. Sai su tafi wurin Bulus, ya zauna bisa buhun masara yana karanto musu maganar kawuna kamar tasa.

Bana dai na haɗiye girman kai na je gidansa. Bayan mun gaisa na ce, "Bulus, don Allah, me kuke ta faɗa ne a baya duk shekarun nan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunana. Ya ce, "Kai mana. Kullum kai. Cewa yake, dubi yadda Sabi'u ke sauke diddige, dubi kafaɗarsa, ban taɓa horar da ƙafa irin ta ɗan nan ba. Har na tsani jin sunanka. Ya ce in ya faɗa maka, kanka zai kumbura ka daina gudu."

Na san abin da ya kamata in ji shi ne sanyi a rai, kuma na ɗan ji. Amma ina hanyar gida kishin ya sake taso mini. Maganar da na yi shekara shida ina gudu don in ji ta, ashe an yi ta faɗarta kowace safiya, da muryarsa, cikin hakinsa, kuma a kunnen Bulus ta zuba.

Abin da ya rage na Kawu ke nan: usur a wuyana, maganarsa a bakin wani. Yanzu ni ma na ƙarshen layi nake bi, don na ga amfaninsa. Amma kowace safiya, kafin a watse, sai na ratsa fili na je wurin na gaba, na kira sunansa, na faɗa masa yabonsa da bakina. In kansa zai kumbura, ya kumbura.